An Toshe Wa Manya Hanyar Likitanci, Sannan Ana Kukan Babu Likita

A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya fito ya faɗi abin da duk mai zuwa asibitin gwamnati ya daɗe da sani: likitocin da ke da lasisin aiki a Najeriya kimanin 55,000 ne, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma cikin shekara biyar kacal tsakanin 15,000 da 16,000 sun tattara kayansu sun bar ƙasar. Waɗanda suka rage ɗin ma, kaso mai tsoka yana Legas da Abuja. Tun daga lokacin, da wuya a yi taron lafiya a watse ba a yi jimamin masu tafiya ba. Ana ta lissafin wanda ya tafi Ingila, da wanda ya tafi Saudiyya, da wanda ke haɗa takardun Kanada.

Ni abin da ke ƙona mini rai daban ne. Akwai mutanen da ba su da niyyar zuwa ko'ina. Suna nan cikin asibitocinmu da makarantunmu, suna son zama likitoci, sun yarda su koma aji da 'ya'yansu a gida da nauyin iyali a wuya, amma tsarin karatunmu ya tare ƙofa ya ce ba da su ba. Su ba wanda ke lissafa su, ba wanda ke kiran taro dominsu. Ina nufin nas ɗin da ta shekara goma tana kwana a ɗakin haihuwa, da jami'in lafiya na karkara wanda mutanen ƙauye suka riga suka laƙaba wa "Likita" saboda ba su taɓa ganin wani ba. Ina nufin ma'aikacin ɗakin gwajin jini, da malamin Bayoloji a sakandare wanda ya nemi likitanci yana ɗan shekara 18 aka tura shi wani fannin, da matar da aka aurar bayan ta gama sakandare, yanzu 'ya'yanta sun tasa, ƙwaƙwalwarta kuma tana nan daram.

Kafin waɗannan mutane su taka matakin farko na karatun likitanci, sai sun cika sharuɗɗan shiga. A nan ake kashe su. Bari mu bi hanyar taki ɗaya bayan ɗaya, don wanda bai taɓa bin ta ba ya ga yadda aka gina ta.

Da farko ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wannan daidai ne, ba mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Amma jami'o'i da yawa sun ƙara sharaɗin cewa mai neman likitanci sai ya same su duka a zama ɗaya. Ma'aikacin da ya ci huɗu shekara 12 da suka wuce, ya faɗi Fiziks saboda makarantar ƙauyensu ba ta da malamin Fiziks, ba a yarda ya zauna ya cike wannan gurbi ɗaya ba. Sai ya koma ya sake rubuta komai tun daga farko. Ina so wani ya yi mini bayani: wane ilimi ne ke cikin Kemistirin da aka ci rana ɗaya da Turanci, wanda babu shi a Kemistirin da aka ci bayan shekara biyu? Sharaɗin zama ɗaya ba ya auna sani. Yana auna wanda ya yi sa'ar makaranta mai malamai da ɗakin gwaji, da uba mai biyan kuɗin lesin, da gidan da ba a tashe shi ɗiban ruwa ranar jarrabawa ba. Rariya ce ta rage cunkoson masu nema, kuma talaka da ɗan ƙauye da mace ne suke fara zubewa ta cikinta.

To a ce ya yarda zai sake. A ina zai koya? Jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu tana nan, amma ajin da zai shirya babba mai aiki domin ta fa? Abin da ke akwai shi ne cibiyoyin lesin na kuɗi, waɗanda aka buɗe saboda yara 'yan shekara 16 da 17, da yawansu kuma haddace amsoshin tsofaffin tambayoyi suke koyarwa. Wasu ma kowa ya san sana'arsu: sayar da sakamako. Mutumin da ya zo neman ilimi na gaskiya, wanda yake son ya fahimci abin da ke faruwa a jinin majinyacin da yake yi wa ƙarin ruwa kullum, sai a nuna masa hanyar satar amsa. Mun bar babba mai gaskiya ba shi da makaranta, mun bar wa maguɗi kasuwa a buɗe.

Daga nan sai JAMB. A jarrabawar 2024, kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka rubuta ba su kai maki 200 cikin 400 ba, likitanci kuwa yana cikin fannonin da ke neman maki mafi tsada. Ma'aikacin da ya sauka daga aikin dare da ƙarfe takwas na safe zai yi takara da yaron da ba shi da wani aiki a duniya sai karatu. Idan ya yi ƙoƙari ya ci maki mai kyau amma bai samu gurbi ba, sakamakon ya mutu a ƙarshen shekarar. Baɗi sai ya sake sayen fom, ya sake rubutawa, kamar bai taɓa ci ba.

Akwai hanyar shiga aji biyu kai tsaye, ta IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko ta JUPEB, ko makarantun share fage irin wadda ke Funtuwa. Hanyoyi ne masu amfani, sun taimaki dubban yaranmu. Amma da rana ake zama ajinsu, Litinin zuwa Juma'a, wata da watanni. An tsara su ne domin saurayi da budurwar da iyaye ke ciyarwa. Wanda ke da albashin da gida ya dogara da shi, zaɓi biyu ke gabansa: ya ajiye aiki saboda gurbin da ba shi da tabbacin samu, ko ya haƙura. Mai digiri a fannin kimiyya kuma, ko da sakamakonsa ya yi kyau, guraben da ake ware wa masu shiga kai tsaye a likitanci 'yan kaɗan ne ƙwarai. Takardar nas da ta ungozoma, wadda aka sha wuya shekaru kafin a same ta, a yawancin jami'o'i tana buɗe ƙofar digirin aikin jinya ne kawai. A ƙofar likitanci ba ta da wani nauyi. Matar da ta karɓi haihuwa ɗaruruwa, ta ga jijjiga da zubar jini da idonta, ta san lokacin da numfashin jariri ya canza, a takarda daidai take da wanda bai taɓa shiga asibiti ba sai ranar da aka kai shi allurar rigakafi.

Sannan ga wurin aiki. Wata 'yar'uwa, nas a wani babban asibitin jiha, ta taɓa zuwa wurina da takardar neman a sauya mata lokacin aiki, ba hutu ba, sauyi kawai, don ta riƙa halartar aji da yamma. Ta ce mini, "Yaya, da na kai wa shugabarmu sai ta dube ni ta ce, ke da 'ya'ya huɗu me kike nema kuma? Wa zai riƙe mini ɗakin haihuwa?" Ba a sa wa takardar hannu ba. Ban ɗora wa shugabar laifin duka ba, ita ma ma'aikata biyu gare ta a inda ake bukatar shida. Amma ku dubi yadda abin ya zagayo: saboda babu ma'aikata ake hana wadda za ta zama likita karatu, saboda an hana ta karatu kuma za a ci gaba da zama babu likita. Hutun ƙaro karatu da albashi yana nan a dokokin aikin gwamnati, sai dai kafin a duba maganarsa sai ka kawo takardar shaidar samun gurbi. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 shi ma sai wanda ya riga ya shiga makaranta. Shekara ɗaya ko biyun da mutum zai yi yana neman cika sharuɗɗa, wadda ita ce mafi wuya, ba hukumar da ta san da zamanta.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Idan magidanci ɗan shekara 35 ya ce zai sake zana WAEC, majalisa dariya za ta yi masa. Idan mace ce, za a ce ta raina mijinta ko ta ƙi zaman gida. Mu ne kuma gobe za mu kai matanmu asibiti mu ce lallai sai likita mace ce za ta duba su, mu yi fushi idan aka ce babu. Daga ina za ta fito? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya, kuma kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da mafi nauyin wannan musiba. Al'ummar da ke binne mata haka ba ta da hurumin yi wa mai neman zama likita dariya, ko shekararta nawa.

Na san abin da za a ce mini, kuma zan amsa. Za a ce likitanci rai ne a hannu, ba a sassauta ma'auni. Wallahi na yarda, kuma ba sassauci nake nema ba. A bar Kemistiri da wuyarsa, a bar Fiziks da wuyarsa, wanda ya faɗi ya faɗi ko da shekararsa 40. Karatun likitancin kansa, shekara shida da zagayen ɗakunan majinyata, ba a yin sa da yamma bayan an tashi aiki, dole mutum ya ba shi dukkan lokacinsa. Ban yi gardama da wannan ba. Maganata a kan abin da ke gabanin haka ne. Bayoloji da Kemistiri da Fiziks na share fage ana iya koyar da su da daddare, ana iya koyar da su Asabar da Lahadi. Ɗakunan gwaji na jami'o'inmu da kwalejojinmu a kulle suke kwana, a kulle suke yin ƙarshen mako. Wace doka ce ta kimiyya ta ce sinadari ba ya haɗuwa da sinadari sai tsakanin ƙarfe takwas na safe da biyu na rana?

Za a kuma ce asara ce a kashe kuɗi a kan wanda ya manyanta. Mu yi lissafi. Mai shekara 34 ya yi shekara biyu yana share fage, shida a jami'a, ɗaya ta horon asibiti: ya fito yana da 43. Ko a aikin gwamnati yana da sauran shekaru masu yawa a gabansa, kuma likita ba ya daina duba marasa lafiya ranar da ya yi ritaya. Ku ajiye wannan kusa da matashin da aka horar da kuɗin jama'a, ya yi shekara uku, ya ci jarrabawar Ingila, ya hau jirgi. Ban zargi matashin ba, albashi da yanayin aiki ne suka kore shi. Amma idan maganar riba ake yi, mai gida da gona da 'ya'ya a makarantar garinsu, wanda uwarsa tsohuwa ke hannunsa, shi ne wanda zai zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2010 ta ba ƙasashe shawarar su riƙa ɗaukar ɗaliban lafiya daga karkara, domin bincike ya nuna su suka fi komawa su yi aiki a can. Ma'aikacin da ya riga ya shekara goma a karkara ai ba sai an yi hasashe a kansa ba, ya riga ya nuna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba sabon abu ake nema ba. A Amurka, inda sai mutum ya gama digiri ake ɗaukarsa likitanci, akwai shiri na musamman ga wanda ya karanci wani fanni daban ko ya daɗe yana aiki: ya dawo ya ɗauki Bayoloji da Kemistiri da Fiziks tare da aikin ɗakin gwaji, sannan ya zana jarrabawar shiga. Jami'ar Columbia da ke birnin Niyok tana gudanar da irin wannan shiri tun 1955. Sashen karatun manya na Jami'ar Harvard yana koyar da waɗannan darussa da yamma. Tsada gare su, kuma masu bin hanyar suna shan wuya, amma hanyar tana nan, an san ta, an san inda take ɓullewa. Ingila tun 2000 ta buɗe karatun likitanci na shekara huɗu ga masu digiri. Idan an ce waɗannan masu kuɗi ne, to Jami'ar Ghana tana da shirin ɗaukar masu digiri zuwa likitanci, Jami'ar Witwatersrand da ke Afirka ta Kudu ma haka. Ƙasashen da ke kwashe mana likitoci suna buɗe wa manyansu ƙofa don su ƙara yawan nasu. Mu da ake kwashewa mun kulle tamu.

Ba ma sai an tsallaka teku ba. A nan Arewa an gwada, kuma ya yi aiki. Daga 2012, shirin Mata Don Lafiya da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi ya kafa ajin share fage a makarantun jinya da ungozoma na Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe. Aka ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, waɗanda ba su da cikakken kiredit na kimiyya, aka koyar da su, aka tanadi wurin renon jarirai don uwa ta shiga aji hankalinta kwance, garuruwansu suka tsaya musu bisa alkawarin za su dawo su yi musu aiki. Da yawa sun ci jarrabawa, sun zama ungozoma da nas. Wannan ya faru a jihohinmu, a gaban kwamishinoninmu. Me ya hana a ɗora wa wannan tsani mataki na gaba? Me ya sa sai baƙo ya zo da kuɗinsa muke tuna cewa matar aure tana da ƙwaƙwalwa?

Maimakon haka, ku dubi inda hankalin shugabanni ya tafi. A 2023 ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson ya kawo ƙudirin da zai hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar, har ya tsallake karatu na biyu. Wato a ɗaure wanda ke son tafiya, alhali ga wanda ke roƙon a bar shi ya shigo ya zauna. Jihohinmu sun kashe maƙudan kuɗi wajen tura ɗalibai karatun likitanci Sudan da Masar da wasu ƙasashe, kuma mun ga yadda yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023 ya watsa karatun yara da yawa. Kaɗan daga cikin wannan kuɗi zai riƙe ajin yamma a Kano da Sakkwato da Maiduguri na shekaru. Gwamnatin tarayya ta sanar da ƙara guraben horar da ma'aikatan lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Madalla. Amma idan an faɗaɗa ɗaki aka bar ƙofar yadda take, irin waɗanda suke shiga jiya su ne za su shiga gobe.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba alfarma ba ce.

Jami'o'in da ke da asibitin koyarwa, Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da sauransu, su buɗe shirin share fagen likitanci na ma'aikata: shekara biyu, da yamma da ƙarshen mako, da aikin ɗakin gwaji na gaske, da jarrabawa mai tsauri irin wadda kowa ke zanawa. Wanda ya kai makin da aka yanka ya san gurbinsa yana jiransa, kada a ce ya koma layin JAMB. Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa, wadda ita ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ta ware wani kaso sananne na guraben ga ma'aikatan lafiya da masu digiri, a rubuta shi, a buga shi, kowa ya gani. A cire sharaɗin zama ɗaya ga duk wanda ya shekara biyar yana aiki a fannin lafiya ko koyar da kimiyya.

Ku kuma masu girma gwamnoni, wannan naku ne kafin na kowa, domin ku ke biyan albashin waɗannan ma'aikata, asibitocinku ne kuma babu likita. Ku sa a rubuta a dokar aiki cewa ma'aikacin da ya shiga shirin share fage yana da haƙƙin a daidaita masa lokacin aiki, kada abin ya rataya a kan ganin damar shugaban sashe. Idan ya samu gurbi, a sake shi da cikakken albashinsa, a ɗaure shi da yarjejeniyar dawowa ƙaramar hukumarsa na adadin shekarun da aka yi masa hidima. Irin wannan mutum ba zai yi muku gardamar sa hannu ba, can ne dama gidansa. A tanadi wurin renon yara ga mata, kamar yadda aka riga aka yi a makarantun ungozoma aka ga amfaninsa.

Ƙungiyar likitoci ma ina da magana da ita. Ranku ya daɗe, kun fi kowa sanin nas ɗin da ke riƙe muku ɗaki idan kun tafi gida, kun san wadda hannunta da hankalinta suka kai. Ku daina kallon burinta a matsayin raini. Ku ne ya kamata ku fara rubuta mata takardar shaida, ku ne ya kamata ku fara zuwa koyar da ajin yamma.

Mu kuma da muke gida, miji da uwar miji da abokan majalisa, idan wani namu ya ɗauko littafin Kemistiri bayan sallar isha'i, mu rage masa wani nauyin, mu kama masa yara, mu rufe bakinmu daga ba'a.

Majalisun dokokin jihohin Arewa suna amincewa da kasafin motoci da na gyaran gidajen gwamnati cikin kwana kaɗan. Ƙudiri ɗaya mai shafi biyu ya isa ya kafa wannan shiri a jiha. Duk ɗan majalisar da ya taɓa tsayawa a gaban jama'arsa ya yi kukan babu likita a asibitin mazaɓarsa, ya kawo wannan ƙudiri a zangon nan. Idan ya ƙi, mu tambaye shi dalili a bainar jama'a ranar da ya dawo neman ƙuri'a.